Ta Tara

Ni maƙerin gwangwani ne a Ƙofar Guga.
Aci-bal-bal nake ƙerawa, da mazurari, da ludayin awon mai.
Shekara talatin ina sayar wa Katsinawa haske,
ban taɓa tsayawa na dube shi ba.

Wata Talata, ɗari ya fara cizon yatsu,
baƙo ya tsuguna a bakin rumfata:
Efrayim, likitan ido, Bayahude,
gemu fari fat kamar audugar rimi.
Hausarsa na ɗingishi, amma tana kaiwa inda za ta.
Ya ɗauki tsinke ya zana a ƙasa,
baki takwas a jere, kafaɗa ɗaya,
na tara ya ɗan ɗara su tsawo.

Na ce, Likita, gidanka ba lantarki?
Ya ce, wannan ba ta neman hanya ba ce.
Ba a ƙirga kuɗi a gabanta, ba a zura allura.
Kallonta kawai ake yi.
Na ce a raina, ga ɓarnar mai.

Ina narka dalma yana ba ni labari.
Kakanninsa, in ji shi, an ƙwace musu ɗakin ibada,
an ƙazantar da shi, ciyawa ta ci farfajiya.
Ran da suka karɓe shi suka share, suka wanke,
suka laluba ko'ina,
tulun mai ɗaya tak suka samu da hatiminsa,
na dare guda.
Tatso sabo kuwa sai kwana takwas.
Suka kunna.
Ya kwana takwas yana ci.

Na ce, ikon Allah, mai ya yi albarka.
Ya ce, haka ne.
Amma da na tsufa, daren farko ya fi ba ni mamaki:
hannun da ya san ba zai isa ba,
bai ce a jira ba.

Ta tara fa?
Ya ce, hadima ce. Ita ke bi tana kunna sauran,
ba a sa ta a lissafi.

Ya biya bai taya ba, ya naɗe ta a mayafi.
Shi da alƙiblarsa, ni da tawa.
Amma kwana takwas, in na taso daga sallar isha'i,
sai ƙafa ta karkata da ni ta layinsu.
Yau ɗaya a taga, gobe biyu,
duhu na ja da baya taku ɗaya ɗaya
kamar kare da aka ɗaga wa sanda.

A gidana akwai ɗaki mai kwaɗo.
Damina biyu ke nan da muka kai Nafi'u makwancinsa,
ban buɗe ba, ban bari an buɗe ba.
Ko sunansa na hana a kira.

Daren da taga ta cika, na nemi mabuɗi.
Tasalla ce ta miƙo min, daga ƙullin bakin zanenta,
ba ta ce uffan ba.
Gizo-gizo ya yi gida a kan hularsa.
Na share. Na yayyafa ruwa.
Bayan ƙofa ga fitilar farko da ya ƙera da hannunsa,
karkatacciya, dalma duk ta zuba gefe,
ɗan man gyaɗa ya daskare a gindinta.

Hannuna na rawa, ashana uku ta mutu.
Tasalla ta karɓa, ta ƙyasta, ta kare da tafinta.

Ba zan yi muku ƙarya ba,
ba ta kwana takwas ba.
Ko tsakar dare ba ta kai ba.
Amma mun zauna a tabarmarsa har ta mutu,
mun kira sunansa,
ta tuna min yadda yake satar ƙuli-ƙuli, na yi dariya.
A ɗan hasken na ga fuskar matar nan
da ta shekara biyu tana kunna ni kowace safiya
ban sa ta a lissafi ba.

Da gari ya waye na ɗauki kwalba
na tafi awon mai.