Awon Jelani

Jelani tela yana da littafi,
mai baƙin bango, gefensa ya naɗe.
Duk Sallah in na kai masa shadda
sai ya lashi yatsa, shafina ya buɗe.
Talatin da takwas, shekarar aurena.
Arba'in da ɗaya.
Arba'in da shida.
Bai tanka ba, ya ce in ƙaro yadi,
ni ko na ce hutu ne, albarkar gida.

Har ran da na zo tasowa daga sujada,
na dafa tabarma, na dafa gwiwa,
na dafa kafaɗar yaron da ke gefe,
liman ya kai ruku'u ina ta hakin miƙewa.
A asibiti malama ta matse damtsena,
ta dubi allo, ta dube ni da kulawa,
ta ce, "Ɗanka na ƙarshe ajinsa nawa?"
Tambayar ke nan. Ta fi allura shiga.

Na fito a fusace, na faɗa Tsohuwar Kasuwa,
na sai takalmin gudu mai jan baki,
da wani ganyen shayi, wai shi ke narkar da tumbi.
Na rantse ni da tuwo sai a darussalami.
Filin Giginya na zagaya sau biyu,
na ga taurari da hantsi,
na yi kwana huɗu ina tafiyar agwagwa.
A na biyar, dare ya same ni Gawon Nama,
takardar balangu a cinya, ina lasar yaji.

Luba ta tsinci takardar a aljihu.
Ba ta yi dariya ba, sai bayan ta juya.
Ta ce, "Kai da ka tara shi cokali-cokali,
da wane kwando za ka kwashe shi dare ɗaya?
Je ka dubi bakin tsohuwar rijiya,
igiya ce ta yi wa dutse wannan tsaga,
ba gatari ba."

To, sai na rage buri.
Sukari ƙwaya huɗu ya koma biyu,
ya daɗe a biyu kafin ya yarda da ɗaya.
Malmala biyu ta zama guda da kwaɗon zogale.
Lemun kwalba sai Juma'a, shi ma rabi.
Babur na jingine shi a zaure.
In an sallame asuba, kafin rana ta zare takobi,
daga Mabera har shago a ƙasa nike tahiya.

'Yan kabu-kabu na bi na da oda:
"Alhaji, mai ya ƙare ne?"
Wani ya rantse wai karayar arziki ce,
gwaggona ta aiko da rubutu da turare.
Na sha rubutun. Na ci gaba da tahiya.

Ba zan ɓoye ba, na sha faɗuwa.
Bikin ɗiyar Modi na ci har na kasa tuƙi,
sati guda damina ta ba ni uzuri,
na riƙe uzurin har bayan an ɗauke ruwa.
Amma na koyi abu guda:
wanda ya yi tuntuɓe ba ya komawa gida
don ya sake fara hanya.

Bana na kai wa Jelani shadda.
Ya zagaya ni da tef, ya sake zagayawa,
ya rubuta arba'in da uku, ya ja layi.
Uku kacal, a wata goma sha ɗaya.
Na ɗan ji haushi, ban ƙi faɗa ba.

Sai da yamma autana Buhari
ya fizge hulata ya ruga lungu,
na bi shi, na kamo shi a bakin famfo,
ya tsaya yana haki, yana kallona.

Gobe ma akwai asuba.
Takalmin na nan bakin ƙofa,
jan bakinsa ya koɗe tuni.