Surki

Mun bar Boise rana ba ta leƙo ba,
ni a sitiyari, Baba a gefena,
shi da ya shekara talatin yana jan tirela
tsakanin Jos da Maiduguri.
Yau ƙafarsa na laluben birkin da babu shi
duk sanda hanya ta murɗe.

"Tasallah, ba a shiga kwana da fushi."
Na ce to.
"Ba giya a motar nan ne?"
Na ce ita ke sauya abarta.
Ya yi tsaki, ya ɓare dabino,
ya juya ga duwatsu masu farar hula.

A Lowman muka fara tsayawa.
Tururi na tashi daga gindin dutse
kamar an buɗe tukunyar dambu,
sai dai warin ɓaragurbi.
Mutane cike da ruwan, tufafin ba yawa.
Baba ya ƙura wa wata bishiya ido,
ya ce Wikki ta fi nan kunya,
mu ƙara gaba.

Gwiwarsa ce ta kawo mu.
Na ba shi ƙwaya, na shafa masa mai,
ni da nake jinyar iyayen wasu dare da rana,
tasa ta gagare ni.

Bayan Stanley, la'asar sakaliya,
ruwan zafi na gangarowa bakin kogi.
Ba kowa sai wani tsoho mai jar fuska
yana jera duwatsu kamar mai haɗa murhu.
Ya ɗaga ɗaya, sanyin kogi ya shigo,
ya mayar, zafi ya dawo.
Ya yafito Baba da hannu.

Baba ya naɗe wando.
Ya yi bisimilla.
Ƙafa ɗaya, ya janye. Ya sake.
Ba su da harshe ɗaya, su biyun,
sai dutsen da suke miƙa wa juna,
wannan ya matsar, wancan ya gyaɗa kai.

"Wa ke iza wutar nan?" in ji shi,
ba amsa yake nema ba.
Ƙanƙara na sauka a kafaɗarsa,
gemunsa na ɗigar raɓa.

Can ya ce, bai dube ni ba,
"Innarku da gwiwar hannu take gwadawa.
Tun da ta tafi
ban sami ruwan da aka surka daidai ba,
sai yau."

Na sa hannu cikin kogin
har yatsuna suka daina jin komai.

Ya yi alwala a nan, a hankali,
muka yi magariba kan bargon mota.

A hanyar dawowa duhu ya rufe dutsen,
kwana bayan kwana, ni da fitila.
Na saci kallonsa.
Barci yake, baki a sake,
warin ruwan na bin rigarsa,
ƙafarsa shiru.