Rawar Kai

Telmo ya shigo gareji ranar Litinin.
Bai hau babur ba, turo shi ya yi,
hular kwano rataye a gwiwar hannu.
Ya ce, "Graciete, jiya a hawan Arrábida,
bayan kwanar nan da ake hango teku,
na murza totur, gaba ya ɗan bar ƙasa,
yana sauka kan babur ya ce a'a.
A'a, a'a, hagu da dama,
sitiyari na ta marin tanki,
ni kuwa jiki na rawa kamar mazari.
Daƙiƙa biyu kacal.
Na ƙirga su har gari ya waye."

Ya dire kwali a kan bencina.
Sanda ce siririya mai ruwan zinariya,
mai kwance a cikinta,
Yuro ɗari huɗu da tamanin,
rabin wata na daƙon kwandunan kifi a tashar Setúbal.
"Damfa ce. Ɗaura mini."

Na ce, bari mu gaisa da babur tukuna.
Na ɗaga gabansa,
na tura sitiyari da ɗan yatsa ɗaya.
A tsakiya ya cije, ƙyas,
kamar ƙofar da ta haddace wurin tsayawa.
Boris ya ci.
Tayar gaba ba ta ƙoshi da iska ba,
gefe guda ya suɗe irin dugadugin tsohon takalmi.
Baya kuma an ɗage shi don ado,
har babur ya sunkuya kamar mai neman allura.

An bar jaki ana dukan taiki, Telmo.

Ba na ce sandar damfara ba ce.
A filin tsere tana da ranarta,
inda gaba ke tashi sau goma kafin a kewayo.
Amma hannu ce a kafaɗar mai masassara:
kyarma ta lafa, zazzaɓi na nan.
Ka matse ta tam, ka shiga lungunan kasuwa,
sai ka ji kana juya jirgin ruwa.

Ya dubi ƙasa. Ya riga ya biya.

Abin da ban faɗa masa ba:
akwai kusoshi biyu a wuyan hannuna na hagu,
tsarabar wannan kwana, shekara ashirin da shida.
Boris ɗina lafiya lau, tayata sabuwa fil.
Ƙanƙamewa na yi.
Babur na neman ya miƙe da kansa,
ni na hana shi, da ƙarfin tsoro.
In hadari ya taso daga teku
kusoshin ne ke fara sanar da ni.

Da yamma Dona Zulmira ta leƙo,
hayaƙin gasasshen kifi bai bar rigarta ba.
Ta shafa kwalin da bayan hannu.
"Wannan zai hana shi faɗuwa?"
Na ce, zai rage wa babur rawar kai.
Ta yi shiru, ta ce, "Na yaron fa,
nawa ake sayar da shi?"

Na sauya boris. Na sa taya.
Na sauke baya inda masu ƙira suka bar shi.
Sandar kuwa na juya ta a hannu har dare,
sannan na ɗaura,
na kwance ta saura ƙiris ta zama babu,
maki biyu cikin goma sha takwas.
Ban san wa na ɗaura wa ba,
shi, ko uwarsa, ko hannuna.

Yau Lahadi, gareji a kulle.
Ina shanya a baranda na ji kukan injinsa
yana hawa, giya ta uku, ta huɗu.
Na tsaya da jiƙaƙƙiyar riga a hannu,
ruwa na bin gwiwata.
Dutse ya haɗiye ƙarar a daidai kwanar.

Ɗaya.
Biyu.

Ta fito ta ɗaya gefen.