Rabin Milimita

Ran Talata kwalin ya iso, bayan mako shida a hanya:
sarƙar ƙarfe daga Shenzhen, mai nauyi, mai sanyi a tafi.
Na sauka ɗakin ƙasa, na kunna fitila,
na kwantar da ’yar tankar a kan tsohon tawul
kamar majinyaciya.

Ƙafar da ke jan sarƙar Bajamushiya ce,
haƙoranta a jere, babu mai gardama.
Sarƙa ta hau, ta yi taku uku,
a na huɗu ta cije.
Rabin milimita ne tsakaninsu.
Bai kai kaurin farce ba,
amma ya isa ya hana baƙo zama ɗan gari.

A jikin kwalin an rubuta wai ta dace da kowane samfuri.
Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Shekara talatin da takwas ina gyaran taragon titin Ostrava,
ban taɓa gamuwa da ƙarfen da ya dace da kowa ba.

Kvetoslav ya leƙo da kofin gahawa,
ya ce, “Vratislav, zanen aro ba ya rufe katara.
Sayi na kamfaninta ka huta.”
Na ce kamfanin ya mutu tun kafin a haifi jikata,
ko kabari zan aika wa wasiƙa?

Sai magagari.
Haƙori ɗaya, goga uku, a hure, a gwada.
Haƙori na biyu. Tabarau na zamewa kan hanci.
Sabon injin ya fi ƙarfin giyar roba,
linzami ne a bakin kaza:
daƙiƙa biyar ya cinye ta, ɗaki ya ɗauki ƙauri.
Na kawo ta tagulla, ramin noti ya kauce,
na yanki gwangwanin kifi na yi mata matashi.
Jar wayar wancan ba ita ce jar wayar wannan ba;
na ce dama, bindiga ta waiga hagu
ta auna kofin Kvetoslav.

Doubravka na kan matakala tana gatsar tuffa.
“Kaka, don me tanka? Ba ga jirgin ruwa ba?”

Na ci gaba da guga.
Ina shekara tara, cikin Agusta,
na gasken suka shigo unguwarmu,
tagogi na karkarwa, cokula na kuka a aljihun tebur,
mahaifiyata ta rufe mini baki da tafinta mai warin albasa.
Wannan kuwa da hannu biyu nake ɗaga ta.
In na ɗauke yatsa, sai ta tsaya.
Tsayawa take yi.
Ban san yadda ake faɗa wa yarinya haka ba,
na ce ta miƙo mini filaya.

Lahadi, a filin tsohuwar mahaƙar kwal,
tsofaffi bakwai, kowa da rimot a ƙirji.
Tawa ta tashi da ƙara kamar mai kakin majina,
ta taka tsakuwa, ta haye tudun yashi,
sarƙa ba ta zame ba.
Sai dai tana jan hagu.
Kaɗan, amma ido na gani.

Na bi ta a baya, sandata na nutsewa a laka.
Ƙuguna na hagu ba shi aka haife ni da shi ba;
likita ce ta dasa, ƙarfe daga wata ƙasa,
ta ce ya zauna daram, ya dace da kowa.

Doubravka ta ƙyalƙyale, har tuffa ta faɗi:
“Kaka, dubi, tafiyarka take yi!”

Akwai ɗan maɓalli a gefen rimot
wanda zai miƙar da ita.
Yatsana ya kai kansa, ya daɗe a wurin.
Na bar shi yadda yake.