Minti Goma a Ruwan Chiloé

Eleuterio, yau ma ruwa ake yi a Quemchi,
yayyafin nan da ba ya jin gajiya.
Na rataye safarka ta ulu a bayan murhu,
ƙafa ɗaya ce, teku ba ta maido ɗayar ba.

Shekara ashirin da uku kana raka ni coci,
iyakarka matakala.
Ka tsaya a rumfa kana busa taba,
ka ce rufin nan kai ka buga masa ƙusa,
amma da Mai ɗakin, tun da muka binne ɗanmu,
ko gaisuwa ba ta haɗa ku ba.

Jiya Zoila ta zo da burodi da gaskiyarta.
Tun da ta koma cocin masu tafi da jita
ta daina kunna wa matattu kyandir.
Ta ce, Yaya, numfashi ne ƙofar,
in ya fita an ja sakata.
Tsakanin can da can rami ne,
ba gada, ba kwale-kwale,
addu'arki ruwa ce a kwando.
Tana faɗi tana share hawaye da haɓar zane,
don kai ka gyara mata jinka bara
ko kwabo ba ka karɓa ba.

Fada Anselmo jirgin Laraba ke kawo shi.
Ya ce akwai wurin wanki, 'yata,
ga wanda ya tafi da dauɗa
amma fuskarsa na duban gida.
Na ce, wanda ya ba da baya fa?
Tsohon ya yi ta juya cokali a kofi
har shayin ya huce.
Ya ce, ni Coci ta ba ni sunayen waɗanda suka shiga,
ba ta ba ni sunan ko mutum ɗaya da aka kora ba.

Likita ya ce a sanyin ruwanmu
mutum yakan kai minti goma.
Na auna da agogon bango:
na fere dankali shida, na hura wuta,
har na tsaya ina jiran allurar.
Minti goma gona ce, Eleuterio!
Ɓarawon nan da aka rataye kusa da Ubangiji
bai sami rabin haka ba.

Me ka ce a cikinsu?
Na san bakinka, ƙila zagi ka yi.
To, wa ka zaga?
Ai ba a ɗaga murya ga kango,
kuma mai fushin shekara ashirin da uku
bai manta da wanda yake fushi da shi ba.

In ma bakin ya cika da gishiri kafin ka kira,
ga abin da ke hana ni barci:
Shi da aka kwantar ran Juma'a, ya tashi Lahadi,
ina ya wuni Asabar?
Mun saba faɗi a coci cewa ya sauka wurin matattu.
Ni matar masunci ce,
ban taɓa ganin wanda ya tafi zurfi haka
don ya dawo da koma wayam ba.

Zoila ta ce wannan ba hujja ba ce, so ne.
Ƙila.
Ni ban yi karatun da ta yi ba.

Da magariba na kunna kyandir a taga.
Ta dube shi, ta dube ni,
iska ta shigo ta tsagar katako,
harshen wutar ya kwanta,
sai na ga ta kare shi da tafin hannu
tana kallon wani wajen.

Mun ci dankalin, mun bar naka a tukunya.
Ruwa bai ɗauke ba.
Na tura ƙofa kamar kullum in ka yi dare,
ban sa sakata ba.