Saitin Wanda Bai Ce Komai Ba

A Aboabo, a ɗakin da ke saman shagon tela,
mu huɗu ne, kujera uku.
Kwabena na zaune kan bokitin fenti da aka kife.
A ƙasa keken ɗinki na ta sambatu,
a sama mu ma ɗinkin muke yi, sai dai zarenmu ba ya ganuwa.

Layi ɗaya ne a cikin fayil,
ko tsawon ɗan yatsa bai kai ba,
amma tun la'asar muke kansa:
in mahaɗi ya zo ƙulla manhaja da laburarenta,
me zai yi idan ba a gaya masa komai ba?

Yahuza ya ce, "A bar shi yadda muka gada.
Ya ɗaure duk abin da aka miƙa masa.
Shekara shida ba abin da ya fashe.
Wa ke kware rufin da ba ya yoyo?"

Rahinatu tana ɓarar gyaɗa, ba ta ɗago ba.
"Ka taɓa kunna kwamfutar makarantar Asawase?
Ka danna, ka je ka sha koko, ka dawo,
tana nan tana gaisawa da dangin da ba ta da buƙatarsu.
Tirotiro ce mai tsayawa kowace tasha
ko babu mai sauka.
Ya ɗaure wanda aka kira sunansa kawai."

"Masu jan wuta daga gidan maƙwabci fa?
Akwai manhajojin da ba su taɓa faɗin inda suke sha ba.
Ki yanke wayar nan, ɗari biyu za su mutu kafin asuba.
Wa zai bi su gida-gida? Ke?"

"Ni. Da kai."

Kwabena, da Hausarsa ta kasuwar Kejetia,
ya juyo mana da allo:
ya gwada tun shekaranjiya bai faɗa wa kowa ba.
Ba ɗari biyu ba ne.
Talatin da bakwai.

Sai wuta ta ɗauke.
Keken ƙasa ya yi shiru, fanka ta ƙarasa juyinta ita kaɗai.

A duhun nan na tuna wata malama a Bawku
da ba za ta taɓa jin kalmar mahaɗi ba.
Za ta danna maɓalli ranar Litinin,
yara arba'in sun zuba mata ido,
abin da muka zaɓa a ɗakin nan shi za ta samu,
ba wanda ya tambaye ta.
Ashe muna yanke hukunci ne a madadin masu shiru,
mu da ko kujera ba ta ishe mu ba.

Yahuza ya haska fitilar waya a fuskar takarda.
"Karanto su," ya ce, murya a cunkushe.
Rahinatu ta ɗauki sha tara.
Shi ya ɗauki sha takwas, yana cewa har yanzu bai yarda ba.

Tela ya ƙwala kira daga ƙasa: zai kulle ƙofa.
Ban canza layin ba tukuna.
Na rubuta a gefensa: sai wuta ta dawo.