Takarda ta Ɗari Biyu da Sha Huɗu

A Tbilisi, saman gidan burodin Tsiala,
inda zafin tanda ke hawowa ta tsagin katako,
nan muke haɗuwa duk daren Alhamis,
mu goma sha biyu, wani lokaci ashirin,
masu rubuta wa kwamfuta umarni.
Manhaja ɗaya muka gina, kyauta, ba ta kowa ba,
sai ran da ta lalace, to ranar tawa ce.

Akwai gwangwanin shayi a kan taga.
Duk mai ƙorafi ya rubuta ya jefa.
Ni Eteri, ni ke juye shi.

Gocha yana son baƙin bango, wai fari na cin idonsa.
Muka baƙanta. Mako na zagayowa
sai ga takardu uku: ku mayar da fari, ba makoki muke ba.
Lali ta ce a cire maɓallin hagu, ba mai taɓa shi.
Muka cire. Ashe a Kutaisi
akwai malamin da duk darasinsa ke rataye a kansa.
Ya sha tafiyar awa uku don ya faɗa mana haka,
ya ci burodi biyu, ya koma.
Wani bai sa suna ba, ya rubuta: “Ba ta aiki.”
Ina ne ba ta aiki? Tun yaushe?
Shiru, kamar an shuka dusa.

Na yi fushi ba sau ɗaya ba.
Da rana aikin banki, da dare na jama'a,
ba sisi, ba sannu.
Na taɓa tura gwangwanin bayan labule wata guda.
Tsiala ce ta zaro shi, hannunta duk fulawa,
ta ce, “Ran da suka daina ce min gishiri ya yi yawa,
ran nan sun koma sayen burodi a wani layi.”

Takarda ta ɗari biyu da sha huɗu ta Vakhtang ce.
Ya haura saba'in. Tun ana huda kati
ana ciyar da na'ura mai girman ɗaki yake sana'ar nan.
Rubutunsa ƙanana, a miƙe kamar shinge:
“In na yi daidai kuna nuna kore.
In na yi kuskure, ja.
Ni duka biyun launin ƙasa nake gani.
Don Allah a ƙara alama.”

Ƙuri'a ɗaya ta samu, tasa.
Shekara biyu tana ƙasan tari,
muna ta gina abubuwan da ke sa a tafa mana.
Shi kuwa yakan zo, ya zauna kusa da bututun ɗumi,
ya kai hancinsa jikin gilashi,
ya tambayi yaron gefensa ƙasa-ƙasa,
“Ɗana, wannan ya wuce ko ya faɗi?”
Daren da kunnena ya tsinci tambayar
ruwa ake zubawa, kogin Mtkvari ya cika yana ruri.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
mu kuwa fenti muke ta shafa wa rufi.

Layi goma sha ɗaya. Shi ke nan.
'Yar ƙugiya ga daidai, gicciye ga kuskure.
Shayina bai huce ba na gama.
Kunyar ta fi aikin tsawo.

Ran Alhamis ya shigo, ya cire hula, ya zauna.
Ya rubuta, ya danna. Bai juya wajen yaron ba.
Ya sake dannawa.
Ina jiran godiya, ina yi kamar caja nake nema.
Ya zaro biro, ya yagi gefen jaridarsa,
ya miƙe da ƙyar, ya nufi taga.

Da aka watse na juye gwangwanin.
“Gicciyen ya yi siriri. A ƙara masa kauri.”
Na sa mata lamba, ɗari uku da tara,
na sauka na sayi burodi mai zafi,
ina dariya ni kaɗai har tashar jirgi.